Dala 14 a kan takardun mota don wuraren shaƙatawa: in biya ko in tsallake?

Sani_Detroit:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu daɗewa a ƙasar nan. Shekarata ɗaya da 'yan watanni a jihar Mishigan, kuma daren jiya na zauna zan sabunta lambar motata ta intanet, don a nan ranar haihuwar mai mota ce wa'adin takardunsa ke cika, tawa kuwa saura kwana tara. Ina cikin cike-cike sai ga tambaya, wai ko ina so a ƙara min dala 14 na wani abu da suke kira Recreation Passport, kuɗin shiga wuraren shaƙatawa na jiha. Bara dillalin da na sayi motar a hannunsa ne ya yi min komai, ban ma ga wannan ba. Na tsaya ban ƙarasa ba. Wanda ke biyan inshorar mota a Detroit ya san kowace dala tana da wurin zuwa. Shin abin ya cancanci kuɗinsa? Na biyu kuma, wanda ya fi damuna: me ya haɗa lambar mota da gyaran lambu da bakin ruwa? Ba aikin harajin da ake cire mana duk wata ba ne?

Maman_Hanif:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, in kana da yara ka biya, kada ma ka yi dogon tunani. Mu duk Sallah ƙarama da babba in ta faɗo a lokacin zafi, tsibirin Belle Isle muke kwashe yara mu tafi, mu shimfiɗa tabarmi a gefen da ake hango Windsor ta Kanada a tsallaken kogi, maza su hura gawayi, yara su yi ta gudu har su gaji. Ba ka nuna wa kowa takarda. A jikin 'yar sitikar da za su aiko maka ka manna a lambar baya akwai ƙaramin harafin P, shi ma'aikacin ƙofa yake leƙawa ya ɗaga maka hannu ka wuce. In ka tsallake yanzu, ranar da ka je sai ka saya a ƙofa, kuma in ba a Belle Isle ba ne da ƙarin dala 5.

Bala_Direba:
Ni dai shekara shida ban taɓa biya ba. Daga filin jirgi zuwa cikin gari, daga cikin gari zuwa filin jirgi, ita ce shaƙatawata. Yaushe na ga lokacin zuwa kallon ruwa?

Dr_Aminu_Lansing:
Malam Sani, tambayarka ta biyu tana da tarihi. Da can gwamnatin Mishigan tana ba wuraren nan kaso daga babban asusun jiha, wato harajin da kake magana. A 2004 aka yanke wannan kason, aka ce su riƙe kansu da kuɗin shiga da kuɗin kwana a sansani da abin da ya yi kama da haka. A lokacin sitika ce ake mannawa a gilashin gaba, dala 24 a shekara, kuma masu sayenta su ne dai waɗanda suka saba zuwa. Kuɗin bai isa ba, gine-gine da hanyoyi da bututun ruwa suka fara lalacewa. Shi ne a watan Oktoba na 2010 aka kawo wannan tsarin: a rage kuɗin zuwa dala 10, amma a ajiye tambayar a gaban duk mai mota a jihar, a daidai lokacin da ya riga ya ciro katin bankinsa. Lissafin a fili yake. In ka sauko daga 24 zuwa 10, sai masu biya sun ninka sau biyu da kusan rabi kafin ka mayar da abin da kake samu a da. Sun yi caca ne a kan cewa mutumin da ba zai taɓa tsayawa a ƙofa ya sayi sitikar dala 24 ba zai iya danna dala 10 yana zaune a ɗakinsa. Daga baya kuɗin ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan har a 2024 ya kai 14 ɗin da ka gani. Wurare 103 ne na jiha, ban da wuraren sauke kwale-kwale da sansanonin cikin daji.

Sani_Detroit:
Na gode Dakta. To ashe ba a kan haraji aka ɗora mana ƙari ba, harajin ne ya janye hannunsa.

Dr_Aminu_Lansing:
Kusan haka ne. Akan samu tallafi jefi-jefi, kamar dala miliyan 250 da jihar ta ware musu a 2022 daga kuɗin farfaɗowa bayan korona, amma wannan na gyaran abin da ya daɗe da lalacewa ne, kuma sau ɗaya ne. Albashin mai kwashe shara da mai wanke banɗaki akasari daga aljihun masu zuwa yake fitowa.

Auwal_Kano01:
Ai da an biya shi ke nan, duk wani wurin shaƙatawa a jihar kyauta ne. Yayana yana can, haka ya gaya min.

Maman_Hanif:
A'a Auwal, yayanka bai ƙarasa maka bayanin ba. Na jiha kawai yake buɗewa. Akwai Metroparks da ke kewaye da Detroit, irin su Kensington da Stony Creek, waɗannan hukumarsu daban, sitikarsu daban. Akwai kuma na gwamnatin tarayya kamar Sleeping Bear Dunes, shi ma kuɗinsa daban. Mu ma sai da muka taɓa cika mota da yara da kulolin abinci muka yi tafiyar kusan awa guda, muka isa wata ƙofa aka ce P ɗinmu ba ya aiki a nan. Ba laifin kowa ba ne, mu ne ba mu bincika ba. Kuma kwana a tanti ko ɗaki ba ya ciki, wannan sai ka sake biya.

Nura_Denver:
Ku na Mishigan ana tambayarku ma. Mu a Kolorado tun Janairun 2023 an riga an saka maka dala 29 a cikin lissafin takardun motarka, sunansa Keep Colorado Wild Pass. In ba ka so, kai ne za ka nemi wurin cirewa ka cire. Kuma ni ina ganin hakan ya fi. Katin shekara na da dala 80 ne, mutane irina ba ma saye. Yanzu da 29 na shiga wurare sama da 40. Dokar ma ta faɗi inda kuɗin za su tafi: dala miliyan 32.5 na farko ga wuraren shaƙatawar, miliyan 2.5 ga masu aikin ceto a duwatsu, waɗanda akasarinsu 'yan sa kai ne, miliyan 1 ga cibiyar da ke gargaɗi kan zaftarewar ƙanƙara. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sauko da mutum daga kan dutse a kan gadon ɗaukar marasa lafiya cikin sanyi ba zai yi ƙyashin wannan kuɗin ba.

Malam_Idris_Zariya:
Nura, a nan ne ni kuma na tsaya. Ban taɓa zuwa Amurka ba, amma maganar ba ta wuri ba ce. Akwai bambanci tsakanin a ce maka "kana so?" da a zura hannu a aljihunka a ce "in ba ka so ka yi magana." Hadisi ya zo cewa dukiyar mutum Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Wanda bai lura da layin ba, ko ya gani bai gane ba, ina daɗin ran yake? In gwamnati tana ganin wuraren nan maslaha ce ta kowa, ta fito ta kira shi haraji, majalisa ta zauna ta amince, kowa ya san dole ne. In kuma kyauta ce ta ganin dama, a bar mutum ya miƙa hannunsa da kansa. Wannan na tsakiyar, wanda ake kira ganin dama alhali an dogara ne da rashin lurar mutane, shi ne zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Nura_Denver:
Allah ya gafarta Malam, ba a ɓoye yake ba. Ana rubuta shi a takardar tunatarwa da ake aikowa, a shafin biya ma yana nan da sunansa, kuma wanda ya biya bisa kuskure yana iya neman a mayar masa. Majalisar jihar ce ta yi dokar a 2021, ba wani ma'aikaci ne ya ƙirƙira a ofis ba.

Bala_Direba:
Nura, ana rubutawa da wane harshe? Ni nake cike wa dattawa uku takardun motarsu a unguwarmu, ɗaya ɗan Yaman, biyu 'yan Senegal. Takarda in ta zo, lambar ƙarshe kawai suke dubawa su ce nawa ne. Irin waɗannan su ne za su yi ta biya shekara da shekaru ba su san akwai ƙofar da kuɗinsu ya buɗe musu ba. Mai ilimi da lokaci shi zai cire. Ina tare da Malam a nan.

Hajiya_Rabi_Columbus:
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda kuka ɗauka dole sai an biya. Nan Ohayo babu kuɗin shiga wurin shaƙatawa na jiha, ko kai ɗan jihar ne ko baƙo. Hocking Hills da mutane ke tahowa daga nesa don su gani, ka ajiye motarka ka shiga. Haka Pennsylvania, haka Illinois. Tafiyar awa uku da wani abu ce tsakanina da ku, amma tunanin ya bambanta.

Dr_Aminu_Lansing:
Hajiya, gaskiya ne, sai dai wani yana biya, ba a ƙofa ba ne kawai. Mizuri ma kyauta ne, amma tun 1984 masu zaɓe suka amince a ɗora kashi ɗaya cikin goma na kashi ɗaya cikin ɗari a kan harajin saye da sayarwa, a raba tsakanin wuraren shaƙatawa da aikin kare ƙasar noma daga zaizaya, kuma lokaci-lokaci ana mayar da shi gaban jama'a su sake amincewa. Wannan shi ne abin da Malam Idris yake nema: haraji da sunansa na haraji. Amma ku lura, a irin wannan tsarin Malam Bala da bai taɓa zuwa ba zai biya ko yana so ko ba ya so, duk lokacin da ya sayi taya ko takalmi. A Mishigan aƙalla shekara shida yana cewa a'a kuma ana jin maganarsa.

Bala_Direba:
Wannan kuma gaskiya ne, ban duba ta nan ba.

Zainab_Bronx:
Mu a New York kati ne daban, Empire Pass, dala 80, ba ruwansa da takardun mota. Galibinmu a nan ma ba mu da motar. Tambayata: wanda ba shi da mota fa, a Mishigan ɗin?

Maman_Hanif:
Kyauta yake shiga, Zainab. Mai ƙafa, mai keke, wanda bas ta sauke, ba a tambayarsu komai. Motar ake caja ba mutum ba. Shi ya sa mota ɗaya ko mutum bakwai ta ɗauko kuɗin ɗaya ne. Inda abin ke cizo shi ne gidan da ke da mota biyu ko uku, don P ɗin yana bin lambar mota ne, ba a cire shi a kai wata. Mu a babbar motar kaɗai muke sakawa, ta maigidan ba ma sakawa.

Baba_Usman_Eastside:
'Ya'yana, bari tsoho ya sa baki. Na zo Detroit karatu tun kafin a haifi yawancinku, na yi aure a nan, na yi jikoki a nan. Belle Isle da Maman Hanif take yabo, ta birni ce, ba ta jiha ba, kuma a da babu mai tambayarka ko sisi. Ka hau gadar MacArthur da motarka ka zagaye tsibirin, iyakarta ke nan. Mutanen unguwanninmu, baƙaƙen fata da ba su da gidan hutu a arewacin jihar, ba su da kwale-kwale, nan ne bakin tekunsu, nan ake taron dangi duk shekara. Da birnin ya shiga fatara a 2013, aka ba jiha hayar tsibirin na shekara 30. Majalisar birnin ba ta so yarjejeniyar ba, amma aka zartar, jiha ta karɓa a Fabrairun 2014. Daga nan aka fara neman P.

Ba zan yi ƙarya ba, wurin ya gyaru. Na san lokacin da banɗakuna suke a kulle, ciyawa ta kai gwiwa, gidan kifayen nan da aka gina tun 1904 ma sai da aka rufe shi na wasu shekaru kafin masu sa kai su sake buɗe shi. Yanzu ana yanke ciyawa, ana kwashe shara, jikokina mata suna shiga banɗaki ba tare da na tsaya a bakin ƙofa ba. Amma akwai maƙwabcina, tsohon ma'aikacin kamfanin mota, wanda tun daga shekarar bai sake taka tsibirin ba. Ba dala goma sha ce ta gagare shi ba. Ya ce min wurin da mahaifinsa ya koya masa kamun kifi ba zai nemi izinin shigarsa a wurin kowa ba. Ya rasu shekara uku da suka wuce bai koma ba. Ni ina biya duk shekara, kuma duk lokacin da na danna sai na tuna shi.

Sani_Detroit:
Allah ya saka da alheri Baba. Wallahi ban san wannan tarihin ba, na ɗauka tun asali haka yake.

Auwal_Kano01:
To ni tambayata, me zai hana a yi irin wannan a gida? Jihohi ne ke karɓar kuɗin sabunta takardun mota. A ce duk mai sabuntawa a Kano ko Kaduna a tambaye shi ko zai ƙara naira dubu ɗaya ko biyu, ya riƙa shiga gidan zu da wuraren wasan yara kyauta shekara guda. Motocin Kano kaɗai ai ba kaɗan ba ne.

Injiniya_Bauchi:
Auwal, tunanin yana da kyau, amma sai an duba abin da ya sa yake aiki a can. Na farko, a can kusan kowa yana sabunta takardunsa a kan lokaci, don kwamfutar motar ɗan sanda tana karanta lambarka tun kafin ya tsayar da kai. A nan mutum nawa ne ke zuwa ofis da kansa? Wani ake ba kuɗi ya je ya yo, shi kuma ba zai tsaya tambayarka ko kana son gidan zu ba. Na biyu, a can mota ita ce ƙafar kowa, talaka da mai kuɗi. A nan masu cika wuraren wasa ranar Sallah a Adaidaita Sahu suke zuwa, ko a ƙafa. Na uku shi ne babba: yarda. A 2023 da aka sanar da naira 1,000 duk shekara na takardar shaidar mallakar mota, kun ga yadda mutane suka yi ca, ba don yawan kuɗin ba, don ba wanda ya ga abin da za a yi masa da su. In dai kuɗin zai faɗa babban asusun jiha ne ya narke, ko ni ba zan danna ba.

Hauwa_Jos:
Injiniya ka faɗi gaskiya. A garin da na girma akwai wani lambu na gwamnati da ake kai mu muna yara, da lilo da ƙaramin tafki da bishiyoyin mangwaro. Bara na kai 'ya'yana don in nuna musu. An karɓi kuɗinmu a ƙofa ba rasit, lilon saura ƙarfe biyu a tsaye babu sarƙa, tafkin ya bushe ya cika da ledoji, rabin filin kuma an kewaye shi da kwano an mayar wurin biki. Ƙaramar ta ce min, "Mama, ina wurin wasan?" Na rasa amsar da zan ba ta. Kuɗin shiga ana karɓa tun ina yarinya. Ba rashin biya ne ya kashe wurin ba.

Injiniya_Bauchi:
Shi ya sa in za a gwada, a fara da wuri ɗaya da mutane suka sani kuma suke ƙauna. Mu a nan Yankari ce, tun 2006 ta dawo hannun jiha. A ce mai lambar Bauchi in ya ƙara wani abu, motarsa ta shiga har maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki shekara guda, kuɗin kuma su tafi asusu na daban da doka ta hana taɓawa, a riƙa buga abin da ya shigo da abin da aka kashe, nawa aka ba masu gadin daji, nawa aka sa a hanya. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki da asuba ya san abin da ake roƙonsa ya kare. Amma irin su dajin Kamuku na jihar Kaduna, maganar kuɗin shiga ba ta taso ba tukuna, sai an samu tsaro.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu a Nijar muna biyan vinyet, wato harajin mota, kowace shekara, kuma dole ce, ba a tambayar ra'ayinka. In aka ce za a ƙara wani abu a kanta, ko an ce na ganin dama ne, mutane za su ɗauka wata dolen ce ta zo. Abin da na gani a maganarku shi ne, tsarin yana bukatar mutum ya yarda cewa in ya ce a'a ba abin da zai same shi a hanya. Wannan yardar ba a yin ta da doka ɗaya.

Malam_Idris_Zariya:
Maganar Injiniya ta asusun da ba a taɓawa ta tuna min cewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wakafi ke nan. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Keɓe fili don amfanin kowa ma yana da asali, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Ko a garuruwanmu akwai filin idi da burtali da makiyaya da ba na kowa ba kuma na kowa. Don haka kada a fahimce ni cewa ina adawa da a tara kuɗi a kula da irin waɗannan wurare. Wanda ya danna da niyyar wani yaro ya samu inuwa da wurin gudu, ina sa ran yana da lada. Niyyar ce nake so a bar masa ya yi da kansa.

Nura_Denver:
Malam, na fahimce ka, amma ga abin da ke faruwa a zahiri. A Mishigan da ake tambaya, shekara fiye da goma ana yi, masu dannawa ba su kai rabin masu mota ba. Ba wai sauran sun zauna sun yi nazari sun ƙi ba ne, da yawa sauri suke su gama su tashi. Mutum yakan bar abu yadda ya same shi. In an bar akwatin da ake dannawa a buɗe zai wuce, in an cike zai wuce. To tunda ko ta wane gefe rashin lurar nan tana nan, me ya sa ba za a sa ta yi wa jama'a aiki ba? Montana tun 2004 suke haka, sun fara da dala 4, yanzu 9, kuma duk mai lambar jihar yana shiga da rana ba tare da an tsayar da shi ba.

Malam_Idris_Zariya:
Saboda in na wuce ban biya ba cikin rashin lura, ba a ci haƙƙin kowa ba, ranar da na je ƙofa zan biya har da ƙari. In kuwa na biya cikin rashin lura, an karɓi abin da ban bayar ba. Ba ɗaya ba ne, ɗana.

Dr_Aminu_Lansing:
Wannan muhawarar taku ita ake yi a majalisar jiharmu, don an sha kawo shawarar a juya namu ya koma irin na Kolorado. Akwai kuma darasi daga jihar Washinton. A 2009 sun saka gudummawar dala 5 a takardun mota wadda sai ka cire, amma ba ta ba ka izinin shiga ko'ina, kyauta ce kawai. Ba ta rufe ramin da janyewar kuɗin gwamnati ya bari ba, sai ga shi a 2011 sun kawo Discover Pass, dala 30 a shekara ko 10 a rana a lokacin da aka fara. Abin da ni nake tsoro ba akwatin ba ne. Da zarar 'yan majalisa sun ga wuri yana samun kuɗinsa, sai su ƙara janye hannu, har a wayi gari ana auna darajar daji da yawan motocin da suka shiga. Wurin da ke da bakin ruwa mai kyau kamar Holland ko Ludington zai ci gaba, wani dajin da ke can nesa wanda amfaninsa tsuntsaye da ruwan ƙasa ne, wa zai yi masa magana?

Hajiya_Rabi_Columbus:
To ka dawo kan maganata ke nan, Dakta. Makarantar gwamnati ba a cewa sai mai ɗa zai biya. Laburare ba a karɓar kuɗi a ƙofa.

Zainab_Bronx:
Hajiya, laburare ma ai sai ka yi kati, sai dai katin kyauta ne. A Kumasi inda aka haife ni ana biyan kuɗin shiga Rattray Park, kuma iyaye da yawa a zango sai da Sallah suke iya kai yara. Ni na fi son a caji mota a bar mai ƙafa, ko ba komai an san wanda ya fi ƙarfi aka taɓa.

Bala_Direba:
A Detroit mai mota ba lallai mai ƙarfi ba ne, Zainab. Wani motar ce kawai abin da ya mallaka, in babu ita babu aiki.

Sani_Detroit:
Jama'a na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da abin da na tambaya. Yanzu na koma na ƙarasa, kuma na danna. Abin da ya sa, yarana biyu tun da muka zo daga gida sai makaranta sai masallaci, ga dogon sanyi da ke kulle mu wata biyar a ɗaki. Amma in aka zo juya shi ya zama sai ka cire, ina jin zan tsaya inda Malam Idris da Malam Bala suka tsaya. Baba Usman, in Allah ya kai mu lokacin zafi ina so ka nuna min inda maƙwabcin naka yake kamun kifi.

Baba_Usman_Eastside:
In sha Allahu. Ka zo da yaran. Amma ka sani kamun kifi lasisinsa daban ne, P ɗin bai ɗauke maka shi ba, sai dai yara 'yan ƙasa da shekara 17 ba a neman nasu.

Nura_Denver:
Malam Sani, ka danna ne don Maman Hanif ta yi maka bayani. Dubu nawa ne ba su da zaure irin wannan da za su tambaya? Ni har yanzu ina kan bakana.

Maman_Hanif:
Malam Bala, kai fa? Motarka bakwai take ɗauka. In ka saka bana, ranar Sallah ka ɗauko dattawan nan uku da kake cike wa takardu, abinci a kanmu.

Bala_Direba:
Tawa sai Nuwamba za ta ƙare, Maman Hanif. In na saya yanzu a ƙofa, zuwa Nuwambar zai mutu ko shekara zai yi min? Dakta, kai ka san wannan?

Dr_Aminu_Lansing:
Tare da lambar motar yake ƙarewa, Malam Bala. In ka saya yanzu, zuwa Nuwamba ne, sannan ka sake dannawa lokacin sabuntawa.